Tsohon Ɗan Jarida na Saman Shagona

Shagona na farko a unguwar Harlem, can Amurka, ƙarami ne, idan mutum biyu suka shigo sai na uku ya jira a waje. Turare nake sayarwa, da man kaɗe, da sabulun salo, da huluna. Daga Maradi na zo, kuma sai da na sha shimfiɗa kaya a bakin titi kafin na samu wurin. Karatuna bai wuce lakwal, makarantar boko ta yara, ba, Turancin da nake yi kuwa a bakin masu ciniki na tsince shi. Iyalina suna gida a lokacin. Daga shago sai masallaci sai ɗaki, ɗakin ma da wasu 'yan garinmu muke raba shi, kowa ya dawo a gajiye ya juya wa ɗan'uwansa baya.

A saman shagon akwai wani tsoho, baƙar fatar Amurka, shi kaɗai yake zaune. Dogo ne siriri, kullum da kwat da malafa ko da ana zafi. Yatsu biyu na hannunsa na dama a lanƙwashe suke, ba sa miƙewa. Bayan azahar yakan sauko ya sayi jarida, ya tsaya a ƙofata yana karantawa, har ranar da na fito masa da kujera. Daga nan kujerar ta zama tasa. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini mai turare.

Gaisuwarmu ce ta fara ba shi dariya. Ya ji ni da wani abokina muna yi, ya sa na fassara masa.

"Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya sanyi," ya ce, yana lanƙwasa yatsun hagunsa. "Duk amsarsu ɗaya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ko da gidan ya ƙone?"

"Ko da ya ƙone. Daga baya a yi maganar wutar."

"Kai, mai turare! A aikina, wanda ya yi tambayar da ya riga ya san amsarta, ranar ake korarsa."

A nan na san ɗan jarida ne. Ya koyi sannu, ya koyi lafiya lau, yana faɗarsu a karkace. Da yawa daga cikin ranakun shekarun nan, shi kaɗai ne mutumin da nake hira da shi ba a kan farashi ba.

Labarinsa guntu-guntu na same shi. A wani ƙaramin gari na Kudancin Amurka aka haife shi, zamanin da baƙi da fari ba sa shan ruwa a famfo ɗaya, ba sa zama a kujera ɗaya cikin bas. Jaridar garin ta Turawa ce, baƙin mutum ba ya shiga cikinta sai in an kama shi da laifi. Shi da wani abokinsa suka buɗe tasu a bayan shagon aski, suna buga labarin aure da mutuwa da wanda ya gama makaranta. Ya ce wata tsohuwa ta taɓa zuwa da ƙafa daga ƙauye don kawai ta ga sunan mijinta a rubuce, an sa masa kalmar girmamawa a gaba, abin da ba a taɓa yi masa ba yana da rai.

Sai aka kama wani manomi baƙi, ya mutu a ofishin 'yan sanda. Suka ce rataye kansa ya yi. Matar da ke share ofishin ita ta wanke jinin da ke ƙasa, ta zo ta gaya wa Baba a ɓoye. Ya buga. Mai maɗaba'ar garin ya ƙi taɓa aikin, sai da suka kai wani gari aka buga musu. Jaridar na fitowa aka farfasa musu tagogi, aka zo aka tafi da shi.

Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ni ne na tsayar da labarin a wurin. A gidanmu an koya mini cewa idan babba ya taɓo abin da ke ci masa rai, ba a tona shi. Ka sunkuyar da kai, ka ce a yi haƙuri, ya wuce, ka kawo wata magana. Haka na ga ana yi wa kakata idan ta tuna 'ya'yanta da suka rasu a shekarar yunwa. Don haka duk lokacin da Baba ya iso ƙofar ofishin 'yan sandan nan a labarinsa, sai in ce, "Yi haƙuri, Baba, ya wuce." Sai ya dube ni, ya koma kan jaridarsa. Ni kuwa ina jin daɗi, a ganina na yi masa ladabi.

Wata rana da la'asar ana yayyafi, wasu 'yan garinmu biyu sun fake a shagon. Baba bai buɗe jarida ba ranar. Ya ɗora hannunsa na dama a kan gwiwa, ya ce, "Yau zan gaya maka yadda yatsun nan suka zama haka. Akwai kuma abin da nake so ka riƙe mini."

Ya ce 'yan sandan sun sa hannunsa a bakin ƙofar ƙarfe. Babban cikinsu ya ce suna ɗaya kawai suke so, wanda ya ba shi labarin, ya faɗa ya tafi gida. Yana kaiwa nan na ga ruwa a idonsa. Ga baƙi a shago. Na ce a raina ba zan bari dattijo ya yi kuka a gaban mutane ba. Na yi sauri na zuba shayi na miƙa masa.

"Yi haƙuri, Baba. Ya wuce. Sha shayi."

Bai karɓa ba.

"Ka san su wa suka fi gaya mini wannan kalmar?" ya ce. "Alƙali ya ce mu yi haƙuri. Magajin gari ya ce mu yi haƙuri. Har fastonmu. Na baro Kudu don na gaji da jinta, ga shi na same ta a bakin mutumin Afirka."

"A garinmu girmamawa ce, Baba."

"A garinku idan mutum na magana da shayi ake toshe masa baki?"

Ɗaya daga cikin 'yan garinmu ya tambaye ni da Hausa me tsohon ke cewa, ɗayan ya yi dariya. Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama fushi. Na ajiye kofin, na shiga jera kwalaben turare da suke a jere tun safe. Baba ya jira kaɗan, ya tashi, ya hau sama.

Bai sake zama a kujerar ba. Yana wucewa ya taɓa malafarsa, ni ma in ɗaga hannu. Matakala kaɗan ce tsakanina da ƙofarsa, ban hau ba. Na ce shi ya yi mini faɗa a gaban mutane, shi ya kamata ya sauko. Na kuma gaya wa kaina cewa ba a shiga ɗakin mutum ba da kira ba. Da yamma ina jin takunsa a samana, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, ni kuma ina zaune a ƙasa ba mai ce mini komai. Da aka sayar da ginin, kowa ya kama gabansa. Na ga motar da ta kwashe kayansa, ban tambayi inda za a kai su ba.

Shekaru suka wuce. Iyalina suka zo, muka koma yankin Bronx, na buɗe wani shago a unguwar Tremont. Cikin masu sayen man kaɗe akwai wata Bahaushiya 'yar zangon Kumasi da ke aiki a gidan kula da tsofaffi. Wata rana tana zaɓen kaya ta ce, "Alhaji, akwai wani tsoho wurinmu, ɗan ƙasar nan ne, amma kullum na shiga sai ya ce mini lafiya lau tun ban gaishe shi ba. Wai wani mai turare ya koya masa."

Na tambaye ta hannunsa. Ta lanƙwasa yatsunta biyu.

Ranar Lahadi na hau bas na je. Na same shi a keken guragu a gaban taga, ya rame, an aske masa kai. Ya daɗe yana kallona.

"Mai turare," ya ce. "Ka yi tumbi."

"Na yi, Baba."

"Ka zo da shayin?"

"Ban zo da komai ba. Sun sa hannunka a bakin ƙofa. Daga nan me ya faru?"

A rayuwata ban taɓa yi wa babba tambaya kai tsaye haka ba. Ya ba ni labarin a hankali, yana tsayawa yana neman kalma. Sun rufe ƙofar a kan hannunsa, ba sau ɗaya ba. Ya yi ihu, ya ɓata wandonsa, bai faɗi sunan ba. Da suka sake shi abokinsa ya riga ya gudu, jaridar ta mutu, shi ma aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa arewacin ƙasar. Ya yi kuka yana faɗa, na bar shi ya yi. Matar kuwa ta ci gaba da share ofishin nan har ta tsufa, tana gaida waɗanda suka yi kisan kowace safiya. Ba wanda ya san abin da ta yi, ko 'ya'yanta.

"Na yi mata alkawari ba zan faɗa ba tana da rai," ya ce. "Ranar da ake yayyafin nan, ranar na ji ta rasu. Na sauko ne in gaya wa mutum ɗaya sunanta, don kada ya tafi tare da ni."

"Ga ni, Baba. Faɗa mini."

Ya buɗe baki. Ya dubi taga, ya dubi hannunsa. Ya ce tana da wushirya, tana ɗingishi kaɗan, gidansu na bayan coci. Ya kama wani suna, ya ce a'a, wannan na ƙanwar uwarsa ne. Gumi ya keto masa a goshi.

"Zai dawo," ya ce. "Ka zo wani makon."

Na yi ta zuwa duk Lahadi. Wani lokaci ya gane ni, wani lokaci ya ɗauka likita ne. Ranar da yake cikin hankalinsa sai mu zauna, ni ina kiran sunayen matan ƙasar nan da na sani daga bakin masu ciniki, shi yana girgiza kai. Da nawa suka ƙare na roƙi 'yata ta ƙaro mini wasu. Ko ɗaya bai dace ba.

Ya rasu da farkon bazara. 'Yar zangon ce ta kira ni, don ni kaɗai nake zuwa wurinsa. A wajen binne shi akwai ni, da ita, da wani fasto da bai san shi ba. Faston ya tambaya ko akwai mai magana. Na ce ɗan jarida ne, an karya masa hannu don ya faɗi sunan wata mata mai shara, bai faɗa ba. Faston ya ce wace mata. Na ce ban sani ba.