Bawa Mai Toka da Filin Bayan Gari

Duk wanda ya zauna garin nan ya san sallamar Bawa. Ranar Alhamis da hantsi za ka ji shi ƙofar gida, da tsohon buhu a kafaɗa: "Salamu alaikum, a kwashe murhu!" Toka yake bi gida-gida yana tarawa, ta zanen layin filin ƙwallonmu na bayan gari, can gindin duwatsun Kwatarkwashi. Kuma ba kowace toka ba! Sai ya murza ta da yatsu, ya ɗaga ta ga rana, sai ka ce mai sayen zinari.

Wata rana Inna Hajo ta miƙo masa kwano cike. Ya duba, ya mayar mata.

"Inna, da leda kinka hura wutar ga."

"Kai Bawa! Tokar ma sai an zaɓa?"

"Baƙi za su zo daga Tsafe. So kike a ce layin garinmu ya yi kama da gindin tukunya?"

Ta ce Allah Ya shirye shi. Shi dai yana nan yadda yake, ita ce ta daina hura wuta da leda.

Ni ne mai riƙe masa igiya shekara da shekaru. Ni Mamman, wanda kuke kira Rariya, don zamanin da nake gola babu ƙwallon da ta taɓa zama a hannuna. Aji biyu na yi a firamare malamai suka gane ba can rabona yake ba. Bawa bai fi ni karatu ba, amma shi mai zane ya ɗauki kansa. In ana wasa kowa ƙwallo yake kallo, shi ƙafafun da ke ɓata masa aiki yake harara.

Kun tuna wasanmu da 'yan Tsafe, da aka ba su fanareti? Mai bugun ya goge ɗigon tokar da takalmi. Ai kuwa sai ga Bawa tsakiyar fili da gwangwaninsa mai huji! Alƙalin wasa na busa, shi yana ƙirga taku. Da ya gama, sai ya matso da ɗigon taku guda kusa da ni.

Na ce, "Bawa, mi na yi ma? Ni ɗan garinku ne fa!"

Ya ce, "Taku sha biyu ne, ko ubana ka tsaron gida."

"To ka bar shi inda yake mana!"

"Rariya, kwantar da hankalinka. Ko daga Gusau anka bugo ta, shiga za ta yi."

Ta kuwa shiga. Ni na faɗi dama, ita ta bi hagu.

Sau ɗaya tak muka taɓa cin 'yan Bungudu a filin nan. Don murna aka ɗauko Sande mai hoto daga Gusau washegari, mutumin kirki, mai shago kusa da cocinsu. Mun sha wanka, mun jeru. Ashe Bawa ya yi sammako ya sake zane. Ya kore mu daga fili kamar awaki, ya sa bawan Allah nan ya hau tsamiya da kyamara a wuya. Sande na sama yana cewa, "Malam, 'yan wasan fa?"

"Fuskokinsu kullum ana gani. Ɗauki layi!"

Da ya sauko wandonsa ya tsage, ya yi fushi ya hau babur ya tafi. Hoto ɗaya ya aiko: fili fes, layi fari tas, babu ko mutum ɗaya. Mun yi shekaru muna dariyar wannan hoto. Yanzu ba ma yi. Waɗanda suka jeru ran nan, wasu na ƙasa, wasu an tare su a hanyar gona ba su dawo ba, saura sun watse birni. Matar Ɗanjuma mai buga mana gaba ta taɓa zuwa neman hotonsa, don 'yarta ta ga kamannin ubanta. Bawa ya shiga ɗaki ya daɗe. Ya fito hannu wofi, ya kasa ɗaga kai.

Da hanya ta lalace, Tsafe ta daina zuwa, Bungudu ta daina zuwa, wasa ya mutu. Bawa bai daina zane ba. Cewa yake filin da ba layi, gobe gona ne ko fuloti. Kuma da gaskiyarsa, don wani Alhaji daga Gusau ya sa wa wurin ido, ya turo masu awo. Bawa ya zo ya fizge ni daga majalisa, ya tsayar da ni tsakanin sanduna, da tumbina da furfurata da ciwon gwiwa. Ya ajiye wata tsohuwar ƙwallo da ta sace.

Mai awo ya ce, "Baba, an ce mana filin ba a amfani da shi."

Bawa ya ce, "Makaho ne kai? Wasa aka yi! Fita, ka taka min layi!"

Ya buga. Wallahi ko ita sai da ta wuce ni. Masu awo suka yi dariya har da riƙe ciki, suka naɗe kayansu. Sau uku muna yi musu haka, Alhaji ya haƙura.

Sai bara, gab da damina, mutanen ƙauyukan daji suka kwararo garin nan gudun 'yan bindiga, mata da tsofaffi da 'yan ƙullin kaya a ka. Makaranta ta cika, zaurukan gari suka cika. Mai gari ya ce babu sauran wuri sai fili. Amma wa zai gaya wa Bawa? Aka ce Rariya ya je, shi ya saba shan kashi.

Na same shi yana tankaɗe toka. Na yi ta kame-kame, har na faɗa. Na zaci zai jefe ni da gwangwani. Sai ya kakkaɓe tokar hannunsa. Can ya miƙe, ya ce, "Ɗauko igiya."

Wuni muka yi a fili. Ya share da'irar tsakiya da ƙafarsa, shi da kansa. Ya zana wa kowane gida wurin bukkarsa, ya fitar da lungu-lungu don mata masu ɗebo ruwa, ya ware gefe na makewayi. Tokar da ya tara ta wata guda ta ƙare ƙaf.

Muna cikin haka wata tsohuwa, ita kaɗai ta rage a gidansu, ta kafa sandar bukkarta a wajen layi, kusan kamu biyu. Na riƙe masa hannun riga, don na san hali.

Ya dubi sandar, ya dubi matar. Ta ce, "Ɗana, na ɓata ma aiki?"

Ya ce, "A'a Inna, daidai kinka sa ta." Ya durƙusa ya taya ta danna ƙasa.

Bai sake taka filin ba. Kafin a yanke gero ya kwanta, kwana huɗu ya cika. Ranar jana'iza mutanen bukkokin nan ne suka cika sahu, wasunsu ko sunansa ba su sani ba.

Allah Ka jiƙan Bawa. Ya ba da abin da ya fi so ga waɗanda ba su da komai, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa kurakuransa. Su kuma Ka mayar da su gidajensu lafiya. Amin.