Yadda Aka Fitar da Baffa Ilu Daga Kulle

Duk wanda ya san Baffa Ilu Masinja ya san ba a gaya masa magana da baki ta zauna. Ka zo masa da labari komai zafinsa, zai saurare ka har ka gama, ya gyara zaman hularsa, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ina takardar?" Shekara da shekaru ya yi yana masinja a ƙaramar hukuma, yana kai wasiƙu a keke daga Rano zuwa ƙauyuka. Da ya yi ritaya kakin kawai ya cire, aikin bai fita daga jikinsa ba. Ni ɗan wansa ne, a gidansa na tashi, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Karatunsa na boko bai taka kara ya karya ba, amma ya san takarda kamar yadda mahauci ya san nama. Zai duba hatimi, ya duba sa hannu, ya ɗaga ta ya hanga a rana. Ranar da aka bugo waya daga Kano aka ce matar ɗansa ta sauka an samu namiji, cewa ya yi, "To madalla. A rubuto." Sai da 'yar takarda ta iso tare da goron suna sannan ya yarda ya zama kaka.

Abu ɗaya ne yake yi ba tare da an rubuto masa ba: zuwa Tarai gaida yayarsa, Gwaggo Hansai. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya tafi, ya kwana, ya dawo Asabar. Shekarar da korona ta zo Gwaggo ta riga ta fara kwanciya da ciwon tsufa, kuma duk mun san wannan ziyarar ce take ƙirga kwanaki da ita.

Da aka sanar da dokar kulle a rediyo, gari ya yi tsit, Baffa ya saka rigarsa ya tafi bakin kasuwa ya zauna a bencin da ya saba zama, shi kaɗai, sai awaki. Motar jami'an tsaro ta zo ta tsaya. Wani jami'i ya sauko ya gaishe shi da ladabi.

"Baba, ba ka ji dokar da aka kafa ba?"

"Na ji," in ji Baffa. "Ban gani ba."

Allah ya sa jami'in mai haƙuri ne. Ya koma mota ya ɗauko ɗaya daga cikin takardun sanarwar da suke liƙawa a bango, da tambarin gwamnati a samanta. Baffa ya miƙe tsaye, ya karɓa da hannu biyu, ya duba gaba ya duba baya, ya sara masa, ya juya gida. Da jami'in ya san abin da ya jawo mana da bai ba shi ba.

A wajenmu, in za a faɗi gaskiya, kullen rabi da rabi aka yi shi. An rufe kasuwa, an rufe makaranta, amma damina ba ta san doka ba, manomi kuwa in ruwa ya sauka ko me aka ce sai ya fita. Gida ɗaya ne a unguwarmu aka yi kullen da ya fi na gwamnati. Baffa ya ɗaura igiya a bakin zaure, ya ajiye buta da sabulu, ya sa matarsa Inna Tabawa ta ɗinka masa takunkumi da ragowar yadin kakinsa. Kullum da safe sai na tsaya bayan igiya na karanta masa takardar daga farko har ƙarshe, ko da wani abu ya canja a cikinta da daddare.

Liman da kansa ya zo duba shi. Baffa ya nuna masa buta.

"Malam Ilu, da alwalata fa."

"Alwala ta Allah ce, Malam. Wannan na gwamnati ne."

Liman ya wanke hannu, aka gaisa da kan sanda.

Da ya ji takardar ta ce a guji cunkoso, sai ya ciro turakan awakinsa ya kafa kowanne a kusurwarsa, ya auna tsakaninsu da sanda. Ya gwada da kaji, suka watsa masa ƙasa a ido. Ya daɗe yana kallonsu sun taru a gindin turmi, sannan ya ce, "Kaji dai ba su da gwamnati." Maganar tallafin abinci kuwa, da muke ta jin za a raba, mu muka yi ta zuba ido. Shi ko a jikinsa. Ya ce tunda ba a rubuto ba, dama bai sa rai ba.

Sai aka fara sassauta doka. Yau a ce ga ranakun fita a mako, jibi a canja su, har dai wata rana rediyo ya ce an ɗage kullen, a ci gaba da sa takunkumi. Kasuwa ta ci, masallaci ya cika, 'yan acaɓa suka dawo titi. Na je da murnata na fara kwance igiya. Sanda ta sauka a bayan hannuna.

"Wa ya sa ka?"

"Baffa, an buɗe gari. Rediyo ya faɗa."

"Takarda ce ta rufe ni. Rediyo ba zai buɗe ni ba."

Na nuna masa sanarwar a waya. Ya leƙa daga nesa ya ce wannan hoton takarda ne, in ina cin hoton tuwo in ƙoshi to shi ma zai karɓa. Na hau mashin na je sakatariya neman takardar buɗewa. Yawancin ma'aikata ba su ma dawo aiki ba, maigadi na tarar, ya dube ni kamar wanda ya taɓu ya ce, "Takardar me? Kai ba ka ga an buɗe ba?" A nan na gane ashe gwamnati da takarda take rufewa, amma da baki take buɗewa, kuma a duk faɗin ƙasar nan tsoho ɗaya ne wannan ya dama.

Da abin na dariya ne kawai da mun bar shi da igiyarsa. Amma saƙo ya fara zuwa daga Tarai. Gwaggo ta daina cin abinci sai kunu, kuma duk wanda ya shiga sai ta tambaye shi ko yau Juma'a ce. Na gaya wa Baffa. Ya ce in karanta masa wajen da aka yi maganar tsofaffi. Na karanta: cutar ta fi yi wa tsofaffi da marasa lafiya illa.

"Ka ji ko? In ɗauka da ƙafata in kai wa Yaya?"

Ranar na ji haushinsa, kuma na ji tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba. Tun daga nan Inna ta ce tuwonsa ma dawowa yake kusan yadda aka kai.

Sai na yi abin da nake jin kunyarsa har yau. Na je shagon kwamfuta aka buga mini takarda mai cewa an ɗage doka, na sa wani mai sassaƙa roba ya yi mini hatimi, na murguɗa sa hannu. Baffa ya karɓa da hannu biyu. Ya duba, ya ɗaga ta a rana, ya miƙo mini abata.

"Sani, wa ya buga wannan hatimin?"

"Akawu mana."

"Shekarun da na yi a ofis ban taɓa ganin akawun da ya buga hatimi a miƙe ba. Je ka yi istigfari."

Inna Tabawa ce ta warware mana, tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ita ba ta yi boko ba, amma ta ji takardar nan sau ba adadi har ta haddace.

"Sani, can ƙasa, su wa aka ce dokar ba ta hau kansu ba?"

"Masu muhimmin aiki, Inna."

"To masinja ba muhimmin aiki yake ba? Kai kana ta neman takardar da za a ba shi. Ba shi wadda zai kai."

Na yago takarda daga littafin 'yan makaranta, na rubuta wa Gwaggo gaisuwa layi uku, na sa a ambulan na liƙe. Na tsaya bayan igiya na ce ina da wasiƙa ta gaggawa zuwa Tarai, hannu da hannu, kuma ban san wanda zan amince wa ba. Baffa ya dubi ambulan, ya dube ni, ya dubi Inna da ke ta tsintarta. Na tabbata ya gane. Ya juya ya shiga ɗaki. Da ya fito, cikin tsohon kakinsa yake, yana ƙamshin adaka, da jakar fata a rataye.

Keke ya so hawa, amma tayoyin sun daɗe da sacewa. Dole ya hau bayan mashin ɗina, ya sa jakar a tsakaninmu, wai tazara. Haka muka ratsa gonaki, dawa ta kai ƙugu, har Tarai.

A bakin ƙofar ɗakin Gwaggo ya tsaya, da takunkuminsa, ya yi sallama irin ta aiki. Ta rame ƙwarai, har na ji ba na son kallonta. Ta buɗe ido ta daɗe tana dubansa.

"Auta, kai ne a cikin wannan tsumman?"

"Wasiƙa ce daga Rano, Yaya. Hannu da hannu."

"To hannuna ba ya kaiwa can."

Ya taka biyu ya tsaya. Ta ce ya matso, me zai shafa mata da ya fi wanda take ciki. Ya matso ya sa mata ambulan a hannu. Ba ta buɗe ba, dama ba ta karatu, ta tura shi ƙarƙashin matashi. Shi kuma ya yi tambayar da ya yi shekaru yana yi a ƙofar dagatai.

"Akwai amsa?"

Gwaggo ta fi mu sanin ƙanenta. Ta ce, "Akwai. Zauna."

"Masinja ba ya zama, Yaya."

"To tsaya. Amsar tana da tsawo, sai na yi tunani."

Ya tsaya har aka kira la'asar. Bayan sallah na leƙa, na gan shi zaune a tabarma kusa da gadonta, takunkumi ya sauka zuwa haɓa, yana ba ta kunu da ludayi tana yi masa faɗan ya rame. Na ja mashin ɗina na dawo Rano ni kaɗai.

Kwana huɗu tana tunanin amsa. Kullum da safe sai ya tambaya, kullum sai ta ce ba ta gama ba. A rana ta biyar da hantsi ta cika, yana riƙe da hannunta. Mun je an yi jana'iza, an yi zaman makoki, bai yi mini maganar wasiƙa ba, ni ma na manta da ita.

Sai washegarin dawowarmu na ji sallama a ƙofar gidana. Na fito na same shi tsaye cikin kaki. Ni ne na aike shi, kuma bai taɓa zuwa aike ya ƙi kawo bayani ba.

"An kai," in ji shi. "An karɓa hannu da hannu." Ya ɗan tsaya. "Na jira. Babu amsa."

Ya zauna a dakalin ƙofar gida ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin kukan Baffa ba sai ranar, kuma ni ma ban iya tsayawa ba.

Damina biyu ya ƙara a duniya. Ya Allah, ka jiƙan Baffa Ilu, ka yafe masa kurakuransa, ka yafe mana dariyar da muka yi masa. Ka jiƙan Gwaggo Hansai, ka sanyaya musu makwanci, ka sada su a inda ba a rabuwa. Amin.