Ɗigon Jan Farce a Ƙarƙashin Batir

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin mota zan tafi kasuwar Shiling a nan Guangzhou ta ƙasar China duba jakunkuna, Alhaji Isufu na Maraɗi ya kira ni ya ce Yaya Garba ya rasu.

Yaya Garba Bayawuri, mai GPS ɗin jiragen ruwa.

Jiya ya yanke jiki ya faɗi a masaukinsa a unguwar Sanyuanli, aka kai shi asibiti. Hawan jini, in ji likita. Na ce wa direba ya juya mu nufi asibitin.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ɗan direban jirgin ruwa ne. Yana zuwa Guangzhou yana saya wa direbobin tafkin Kainji na'urar GPS ta hannu. Tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Direba yakan adana wurin kowane kututture a na'urar don ya kauce masa. In ta kuskure da taku ashirin, jirgi cike da 'yan kasuwa zai hau kai.

Zuwana garin nan na farko na ɓata a tashar jirgin ƙasa ta metro, shi ya bar abincinsa ya zo ya ɗauko ni. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, kwana uku yana kawo min kunu a flask.

Duk da haka ban ƙyale shi ba. Ni mutum ne mai zargi, kowa a unguwarmu ta Xiaobei ya sani. Da na ga ba ya yarda ya gwada na'ura a shago, na ɗauka dabarar karya farashi ce. Na faɗa masa haka ido da ido.

Dariya kawai ya yi, ya ce, "Taho mu je kogi, ƙanena."

Akwai wani turken ƙarfe da ake ɗaure jirgin fito a bakin kogin Pearl. Nan yake tsayawa, ya jira na'ura ta kama tauraron ɗan'adam, ya adana wurin. Sai ya hau jirgi ya haye, ya dawo, ya sake dafa turken. Ta kirki za ta nuna ya dawo inda ya tashi. Wadda ta ci jarrabawa sai ya ɗiga mata jan farce. Mun sha tsokanarsa, dattijo da kwalbar jan farce a aljihu.

Ranar Laraba ce haɗuwarmu ta ƙarshe. Na raka shi da kwalin sabbin na'urori arba'in. Muna tsaye, hannunsa a kan turke, ta farko ta nuna muna tsakiyar kogi.

Ya ce, "Nafi'u, ka iya iyo kuwa? Ga shi an ce muna cikin ruwa."

Cikin goma sha biyun da ya gwada, bakwai haka suka yi. Muka mayar wa mai shagon. Shi kuwa yana murmushi yana cewa dogayen benaye ne ke tare signal, no problem.

Yaya Garba ya ce, "A bakin kogi wane bene ne ya tare? Ka riƙe kayanka. Sunana ba zai hau wannan kwalin ba."

Da kunnena na ji.

To yau, ko awa biyu ba a yi da labarin ba, wani ejan ɗin kago, masu aika mana kaya gida, ya kira ni. Gaisuwar ta'aziyyar ma a gurguje ya yi ta.

Ya ce, "Alhaji, ai Malam Garba ya amince da kayan nan shekaranjiya, har ya sa alamarsa. Gobe za a loda kwantena. Kai ne na kusa da shi, ka zo ka sa hannu."

Gawa tana asibiti, ana ta fafutukar takardu, shi kuma kwantena ce a gabansa. Wannan saurin na mene ne?

Daga asibiti na wuce siton kagon. Kwalin nan ne dai, har yagewar da na yi masa a gefe tana nan. Kowace na'ura da ɗigon ja a bayanta, sababbi fil, arba'in cif. Mutumin da gwajin sha biyu ya cinye masa wuni guda, yaushe ya gwada arba'in?

Na buɗe murfin ta farko na cire batir. Wayam.

Na buɗe ta biyu, ta uku, har goma. Babu komai.

Kowa ya san yana sa ɗigo, amma kaɗan ne suka san inda yake sa shi. A ciki yake sawa, ƙarƙashin batir. Bai taɓa sawa a waje ba.

Ban ce wane ne ya yi ba. Ko mai shago, ko ejan, ko su biyun, Allah ya sani. Rasuwarsa kuma ajali ne, ba na ɗora wa kowa. Amma raina ya ɓaci matuƙa, mutum ko wanka ba a yi masa ba an fara sayar da sunansa.

Na ƙi sa hannu. Sai dai kamfanin kago ba ɗaya ba ne a garin nan, kuma ban yarda kwalin zai kwana inda na bar shi ba.

Don haka mutanen Yawuri, da duk wanda ke da ɗan'uwa direban jirgi a Kainji, ku isar da wannan. Duk wanda ya kawo muku GPS ya ce na Garba ne, ku cire batir ku duba. In babu ɗigon ja a ciki, kada ku shiga ruwa da shi. Na tona sirrinsa yau, don hannun da ke sa ɗigon ya tafi.

Allah ya jiƙanka Yaya Garba, ya gafarta maka. Yadda ka yi ta wahala don mutane su isa gaɓa lafiya, Allah ya isar da kai Aljanna lafiya. Allah ya ba iyalinka haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya kuma tura wa na bakin ruwa kafin kwalin ya riga mu isa.