Miyar Zabuwa da Littafin Amarya

A Kunduru na tashi, a hannun kakata Iya Dije. Idan an sauke tuwon dare ba ta kashe wuta. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye murhu, ta ce, "To, ga ta nan ta iso, mai barci ya tashi ya tarbe ta."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta Zabuwa, wadda ta yi suna da girki a gidan wani attajiri. Kurciya ta je neman koyo, Zabuwa ta ce mata miya ba ta daɗi sai da gishirin bakin teku da man shanun farar saniya marar ƙaho. Kurciya ta bar 'ya'yanta da yunwa ta tafi nema. Da ta gaji ta dawo hannu wofi, sai ta tarar sun koma gidan Kaza, suna sharɓar miyar kuka. Ta koma wurin Zabuwa ta tambaye ta ko ta taɓa ciyar da yaro mai kukan yunwa. Zabuwa ta kau da kai ta ci gaba da motsa miyarta.

A nan Iya kan nuna ni da muciya. "Kowa ya koya maki girki, ɗiyata, tambaye shi wa ya ƙosar."

Bara, da bikin 'yata Hafsatu ya matso, ƙanwar angon ta aiko mata da littafin wata mai girki da ake gani a talabijin, wai don kada ta kai musu abincin ƙauye. Hafsatu ta yi kuka. Na karɓi littafin na duba. Hotuna kam masu kyau, amma rabin kayan miyar ko a kasuwar Kankia ba a san sunansu ba, kuma ba shafin da ya san ana ɗauke wuta.

"Umma, za su ce mu 'yan ƙauye ne," in ji ta.

"Su faɗa. Ƙauyen ne ya noma abin da suke ci."

Ban hana ta littafi ba. Mun je Katsina tare, muka zaɓi wani na wata fitacciyar mai girki daban, wadda ta san daddawa da kuɓewa, take faɗin abin da za a sa idan babu wani abu. Wancan kuwa na mayar wa mai shi da hannuna, na yi godiya. Har yau ba ta gaishe ni da sakin fuska, ni kuma ban rasa barci ba.