Dakalan Albasa na Uban Dije

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da aka fita da maigidana ta ƙofar zaure ba a dawo da shi ba. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko da yana raye ban taɓa kira ba. A Aliero Uban Dije ake ce masa, 'yan tsokana kuma su ce Mai-sayen-ƙasa. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani yana nan daram.

Farkon zuwan Nasara aka kama shi ɗaukar kaya daga bakin gulbi a Jega. Ya tafi lafiya lau, ya dawo bayansa a sandare. Yana tafiya, yana tsayuwa, amma sunkuyawa ta gagare shi har ƙarshen ransa. Manomin albasa kuwa a sunkuye yake wuni.

Ba ciwon ne ya fi damunsa ba, irin albasar ubansa ne, wata ja mai yaji da ke kaiwa damina ba ta ruɓe ba. Irin albasa ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a manta. In shekara ta zagayo ba a shuka ba, a cikin gora zai mutu. 'Yan uwansa kuwa duk sun koma auduga saboda haraji.

Sai ya kira magini ya gina masa dakali uku a bayan gida, tsayinsu daidai ƙugu, cikinsu fayau, don ya riƙa shuka a tsaye. Ya sa masu jakai suka yi ta kawo baƙar ƙasa daga fadamar Kimba, mangala bayan mangala, yana biyan su da gero. Maƙwabcinmu Arzika mahauci ya leƙo ta kan darni ya ce, “Uban Dije, ƙasar da Allah ya shimhiɗa kyauta ita kaka saye? Gobe sai ka sawo muna iska.”

Ya ce, “In ka samu mai kyau kawo, mu yi ciniki.”

To, maginin nan rumbu ya saba ginawa. Ya shafe dakalan ciki da waje, ko tururuwa ba ta samun hanya. Baƙar ƙasa kuma riƙe ruwa gare ta. Na ce, “Malam, randa ce anka gina maka, ba lambu ba.” Ya ce in ja guga in bar masa maganar noma. Na ja. Ganye ya fara rawaya, dakalin farko ya ruɓe har wari na shigowa ɗaki. Na biyu ya bi shi. Duk irin da ya rage mana a duniya yana cikin na uku.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci, na ɗauki ƙaramin gatari na huda gindin dakalin wuri huɗu. Wani baƙin ruwa ya yi ta tsiyaya har la'asar. Da ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Washegari na ji shi yana gaya wa magini a huda sauran, a gauraya ƙasar da yashi da takin jaki, kamar shi ya tsiro da dabarar. Bai taɓa ce mini na gode ba. Amma daga ranar bai ƙara sayen mangala ɗaya ba sai na murza ƙasar a hannuna na ce ta yi.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne ƙasar dakali ba ta ƙoshi. Kowace shekara sai ta lotsa, sai an ƙaro. Tun da ya rasu ni ke ƙarowa. Masu jakan yanzu ba su karɓar gero, sai kwabo, kuma in ba ka sa ido ba turɓayar bakin hanya za su juye maka. Da yana nan da ya kore su da sanda, ko da yake na san da sun juya baya zai aika a kira su. Nakan yi tunanin me zai ce in ya ga yadda albasa ta zama kayan fatauci, kowa na neman mai girma, ba mai tambayar asalinta.

Ni dai na gaji. Kafaɗata ba ta ɗaukar guga. Bana dakali ɗaya na iya cikawa, biyun kaji ke birgima a ciki. Ruwan damina biyu ya isa ya mayar da su ƙasa, ban kuma ga abin kuka a nan ba, laka ce.

Ran kasuwar da ta wuce mijin 'yarmu Dije ya zo daga Mungadi, yana da fadama can wajen Maiyama. Na miƙa masa goran irin. Ya riƙe da hannu biyu ya ce, “Inna, in ya ƙi ƙasarmu fa?”

Na ce ya shuka dai. In ya cire albasar ya kawo mini guda uku in yanka da hannuna. In ta sa ni hawaye, to Uban Dije yana nan. In ba ta sa ba, na binne shi sau biyu ke nan. Allah ya jiƙansa.