Ƙwallon Magaryar Malam

Jiya jikata ta dawo daga makaranta da shatar bulala a hannu, wai don an kama ta tana lissafi da yatsu. Raina ya ɓaci, na tuna malaminmu na elementare a Wurno, zamanin Turawa.

Aljihunsa ba ya rabuwa da ƙwallon magarya. In za mu koyi rabawa, sai ya zube su kan tabarma, mu kasa da hannunmu. Har yau ina jin ƙarar zubarsu. Yakan ce, "Ɗiyana, abin da hannu bai taɓa ba, kai ba ya riƙe shi."

Wata rana Bature mai duba makarantu ya tarar muna kasawa. Bai tambayi kowa abin da ya gane ba, ya sa takalmi ya watsar. Tafintansa ya ce, "Malam, wai mi ne wanga, karatu ko dara? A koma ga hadda."

Dattijo da furfurarsa ya durƙusa gabanmu yana tsince su cikin ƙasa. Motar Bature na tashi, ya sake zube su.

Baturen ya tafi tuntuni, amma ya bar mana takalminsa cikin aji. Allah Ya jiƙan Malam, Ya ba jikata irinsa.