Gahawar Gonar Hammadu

Shekara ashirin da ɗaya Malam Ja'afar Direba yana ba da labari ɗaya a majalisar gindin darbejiya ta Paki, shekara ashirin da ɗaya ana yi masa dariya. Ba don mutumin banza ba ne, a'a. Ya ja babbar mota yana kai barkonon Ikara har ƙasar Mambila, bai taɓa kayar da buhu ba, sai da gwiwa ta ƙi sannan ya ajiye makulli ya kama noman masara. Laifinsa ɗaya, ya ce ya taɓa shan gahawa ba sukari, kuma wai ta yi masa ɗanɗanon lemo da zuma.

Motarsa ce ta lalace a kan dutsen Mambila kwana tara, wani manomi mai suna Hammadu ya sauke shi, kullum da safe yana tsiyaya masa gahawar gonarsa ta cikin ƙyalle. Duk sanda ya kai nan a labarin, sai amininsa Iliyasu Mai Rake, mutumin Makarfi da ko kunu ba ya sha sai ya jefa mazarƙwaila, ya ce, "Malam, ji tsoron Allah. Abu baƙi wuluk, ba sukari, ka ce zuma?" Ja'afar yakan yi dariya tare da su, amma wallahi abin yana ci masa rai.

Bara, wani direba da ya koya wa tuƙi ya je Mambila, ya nemo gonar, ya dawo masa da ƙullin gasasshiyar gahawa, bai fi cikin tafi biyu ba. Zo ka ga rawar jiki. Dattijo mai jika shida ya rinƙa zagaya tsakar gida yana shinshina leda yana dariya shi kaɗai. Ya sa tela ya ɗinka masa 'yar jakar farin yadi, ya sayo sabon mazurari, ya wanke butar shayi mai siririn baki sau uku. Ya aika wa Iliyasu cewa ya zo Asabar da hantsi, ya zo da bakinsa kawai.

Matarsa Bilki, baiwar Allah, ta ga mutum yana ta wahala, ta ce bari ta rage masa aiki. Yana masallaci ta ɗebi rabi ta daka masa lukui a turmin da take daka yaji da daddawa. Ya dawo ya kai hanci, atishawa bakwai a jere.

"Bilki, a wane turmi?"

"Turmi nawa muke da shi, Malam?"

Ya zauna a kan kujerar tsugunno yana duban ledar, don sauran ba zai wuce kofi ɗaya ba. Can sai dariya ta ƙwace masa, ita ma ta kama, har ta riƙe bango. Ranar ya hau babur zuwa Ikara ya sayo ɗan turmi sabo fil.

Asabar ta zo. Ya daka da kansa, tsaki-tsaki, ba lukui ba. Ya bar ruwan ya huce kaɗan bayan tafasa. Ya zuba garin a jakar yadin cikin mazurari, ya ɗiga ruwan a kai, ya jira ya kumbura ya yi kumfa, sannan ya rinƙa zagayawa da bakin buta a hankali. Ƙamshi ya cika zaure. Kofi ɗaya tak ya fita, ya miƙa wa Iliyasu.

Iliyasu ya zaro mazarƙwaila daga aljihu. Ja'afar ya riƙe masa hannu. "Don girman Allah, kurɓa ɗaya."

Iliyasu ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Ya sake kurɓa. Ya dubi kofin, ya dubi Ja'afar, ya mayar da mazarƙwailar aljihu. Bai ajiye ba sai da ya ga gindin kofin.

"Akwai lemo a ciki," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ƙaro mini."

"Babu. Ni kaina ban ɗanɗana ba."

Iliyasu ya rasa inda zai sa fuskarsa don kunya, Ja'afar kuwa bakinsa har kunne. Da la'asar suka tafi majalisa tare, Iliyasu ya miƙe yana rantse-rantse cewa ya sha gahawa ba sukari ya ji lemo, zumar ma ta biyo baya. Majalisa ta fashe da dariya, wani ya ce yanzu maƙaryatan sun zama biyu. Ja'afar ya gyara zama, ya matsa wa amininsa wuri a kan benci.